Rigar Ƙane a Jikin Wa

Asabar, 6 ga Yuli, 2024
Na gama rigunan. Yadi ɗaya, shuɗi: babba ta Illa, ƙarama ta Kamilu, kamar yadda na saba tun suna ƙanana. Illa ɗan fari ne, bakina ba ya kiran sunansa, amma biro ba shi da kunya.

Kamilu zai zo hutun lakwal, makarantar boko, daga Madawa. Tun da yayana Alƙasim da matarsa Asiya suka ɗauke shi riƙo, don Allah bai ba su haihuwa ba, sau ɗaya na sa shi a ido, shi ma da daɗewa. Ina taka keken ɗinki ina ganinsa yadda ya tafi, ɗan siriri, kunnuwa sun fi kai. Har na ɗinke bakin aljihu ban sani ba.

Talata, 9 ga Yuli
Ya zo. Da ya sauko daga mota a tashar Keita sai da na duba bayansa, ina neman ɗana.

A gida na fiddo rigunan. Ta Kamilu ta tsaya a kafaɗa, ta ƙi sauka. Ta Illa kuwa ta zubo masa har gwiwa. Kakarsu Tabawa ta dafa bango tana dariya: "Kai Illa, wane ne babba cikinku? Ƙanenka ya shanye maka hura!" Illa ya tuɓe tasa ya miƙa wa ƙanen, ya ɗauki ƙaramar ya saka. Ta zauna masa cif, kamar na auna shi.

Shekara biyu ya ba Kamilu. Ni na haife su, na sani.

Laraba, 10 ga Yuli
Kunya nake ji, ban san ta wa ba.

Juma'a, 19 ga Yuli
Kamilu yana ba Zali labarin Madawa. Wai da safe burodi da ƙwai da shayi mai madara, da rana shinkafa, ran kasuwa nama. Ita kuma autar tawa ta buɗe baki kamar tatsuniya ake yi mata. Ta ce, "Ƙwai kullum? Kaza ba ta hushi?" Mu namu ƙwan kasuwa yake tafiya, ya dawo gishiri da sabulu.

Rumbu ya yi ƙasa. Furar rana na ƙara mata ruwa, miyar tafasa ta dare babu mai. Kamilu ya ci kaɗan ya ce alhamdulillahi, da ladabi irin na baƙo.

Alhamis, 1 ga Agusta
Sun je noma da kakarsu. Ba a yi nisa ba Kamilu ya zube gindin gawo yana haki, tafinsa ya yi bororo. Illa ya gama kunyarsa ya gama ta ƙanen, ya ɗauko bidon ruwa daga gangare ya hau da shi ba tsayawa. Duk jikinsa jijiya ce. Na ji daɗi, Allah ya yafe mini, har na yi ta waƙa ina tankaɗe.

Sai da yamma na lura yadda ƙashin wuyan Illa ya fito.

Litinin, 12 ga Agusta
Alƙasim ya kira a waya. Bayan gaisuwa ya ce, "Rahinatu, kin dai ga Kamilu. Ki ba mu Zali ita ma, Asiya na son ɗiya mace." Na ce, "Yaya, ɗiya ba buhun albasa ba ce da za ka aiko mota ta ɗauka." Ya yi dariya, ya ce in yi tunani kafin a koma lakwal. Babu tunanin da zan yi. Na ba da ɗaya, ya isa.

Baban yara bai dawo daga cin rani ba bana. Da na same shi a waya, murya na yankewa, abin da na tsinta kawai: "Yadda kinka gani."

Laraba, 21 ga Agusta
Matan likita sun zo awon yara a ƙofar maigari. Suka naɗa wa Zali ɗan madaurin nan mai launi a damtse, ya tsaya a rawaya. Ɗayar ta tambayi shekarunta, na ce huɗu. Ta sake kallonta, ta sake kallona. Ta ce a riƙa ba ta ƙwai da wake da nono. Na ce to. Me zan ce?

Lahadi, 25 ga Agusta
Hadari ya taru kan duwatsu tun hantsi, ya ƙi zubowa. Na kishingiɗa a zaure, barci ya ɗauke ni. Sai ga Zali ta girma, doguwa, ta wuce zangarniyar gero, ta wuce gawo, tana tafe cikin gona zanenta na jan raɓa. Kyakkyawa, wuya kamar na barewa. Ina kiranta, tana waige-waige ta ga mai kira, amma ta yi nisa sama, ba ta duba ƙasa ba. Na farka ita ce kwance a jikina, ƙafarta duka ba ta cika tafina ba.

Ban san wanne ya fi ba ni tsoro ba, ta mafarkin ko wannan.

Juma'a, 6 ga Satumba
Kamilu yana neman takalminsa ya ce, "Tanti, ba ki ga…" Ya kama bakinsa, ya ce, "Inna." Na nuna masa takalmin. Na shiga ɗaki na daɗe ina gyaran abin da bai lalace ba. Asiya ce Mama yanzu, ni kuma na koma Tanti, gwaggo. Ba laifinsa ba ne, ba kuma nata ba, shi ya sa abin ya fi ciwo.

Juma'a, 13 ga Satumba
An fara cin tumu, gida ya yi ƙamshi. Ina gasawa Illa ya tsuguna kusa da ni, yana tona toka da kara. Can ya ce, "Inna, in da ni anka kai Madawa, da na kai shi tsawo?"

Na ce tsawo na Allah ne.

Ya ce, "Na sani." Ya murje tumun a hannu, ya hure, ya zuba wa Zali a baki. Sannan, ba tare da ya kalle ni ba: "Ni dai tawa ta wuce. Wagga hwa?"

Na daka masa tsawa ya tashi ya ba ni wuri. Yaron da ban taɓa yi wa tsawa a banza ba.

Juma'a, 27 ga Satumba
Jibi motar Alƙasim za ta zo ɗaukar Kamilu. Ban yi wa Yaya maganar Zali ba. Na dai tambaya ko gaban motar akwai wuri, saboda rana, kuma ko Asiya za ta biyo su. Tambaya ce kawai.

Na yi wa Zali kitso ƙanana, irin mai daɗewa. Na wanke 'yan kayanta, tunda rana ta fito.

Ɗazu ta miƙo hannu in goya ta. Na ce ta koyi tafiya da ƙafarta, bayana na ciwo. Ta tsaya tana shafa mini wurin, tana cewa sannu.

Bayana lafiyarsa lau.