Gurbin Yaya Buba

Daren Alhamis, Damba

Yau na busa sarewa a wajen suna a Bungudu. Da na gama, maigidan ya ce, "Malam Ali, busarka da daɗi, amma me ya sa kake yin shiru a tsakiya? Numfashi ne?"

Na ce masa tsufa ne kawai.

Ai busar ta mutum biyu ce. Lokacin da muke kiwo a Nahuce, a daidai nan nake dakatar da busata, Yaya Buba ya amsa mini daga ƙetaren rafi. Tun da ya rasu ba wanda ya cike gurbin.

Ɗazu na gwada busa nasa a ɗaki. Yatsuna sun san shi sarai. Amma da na zo wurin, sai na sauke sarewar na kasa kunne.