Hotunan Baban Nana

Dayi,
Ranar Lahadi.

Ƙawata Jane,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam Enoch da yara. Ya Kaduna, ya aikin asibiti? Mu nan kalau, sai hidimar girbin masara.

Kin san tun rasuwar Baban Nana ban cika rubutu ba. Wayarsa ce ta sa na ɗauki biro yau. Batirinta ya kumbura, mai gyara a Malumfashi ya ce in kwashe abin da ke ciki tun ba ta mutu ba. Duk hotunansa suna cikinta, Jane. Nana Aisha tana goye ya rasu. In wayar nan ta tafi, ba ni da fuskar da zan nuna mata.

Na duba shafukan ajiye hoto ukun da kika turo mini. Na farko kyauta ne, amma kowa na iya kallo, ni kuwa akwai waɗanda ba mayafi a kaina. Na biyu yana matse hoto. Na gwada da guda, sai ga bawan Allah kamar an hango shi cikin hayaƙi. Na ukun ne kika ce sai wanda na ba izini zai shiga, kuma suna wankewa su aiko. Shi ya fi kwanta mini a rai, sai dai ina tsoron in taɓa wani wuri komai ya goge. Ki kira ni ranar hutunki mu yi tare.

Ki gai da kowa.

Taki,
Raudatu.

Dayi,
Ranar Jumma'a.

Ƙawata Jane,

Ina gaishe ki, ina gai da mutan gida. Ya jikin autarki? Allah ya ƙara sauƙi.

Hotuna sun iso. Direba ya kawo su tashar Funtua, ƙanena Isah ya karɓo mini. Ban san da wane baki zan gode miki ba. Kin ɓata yininki kina bi da ni daki-daki, sabis na ɗaukewa kina sake kira. Ba a yi sati ba wayar ta ɗauke, ba ta sake kunnuwa ba.

Na ba yayansa Mansur na Fatakwal izinin shiga shafin, sai ya ƙara mana na ƙuruciyarsu. Ashe Baban Nana da manyan kunnuwa ya taso. Na yi dariya har na yi kuka.

Labarin Gwaggo, mahaifiyarsa, nake so in ba ki. Na ajiye mata ambulan ɗin a bakin tabarma na koma gefe, don tun da aka binne shi ba ta ambaci sunansa ba. Ta daɗe tana juya hotunan. Can ta zaro wanda yake tsaye a gona, hula a karkace, ta ce haka uban Awwal ma yake sa tasa. Ranar ce ta fara kiran Baban Nana da sunansa. Ta ɗora Nana a cinya tana nuna mata, yarinya na dangwala masa yatsa a hanci.

Da la'asar ta aiko kirana. Na tarar ta yi wanka, ta ɗaura zanen sallarta, ta sa kwalli. Matar da ko a bikinmu ta ƙi tsayawa gaban mai hoto, ita ce ta ce in ɗauke su ita da jikarta, in aika a wanko, kada yarinya ta girma tana tambayar kamannin kakarta.

Na ɗauka da wayar Isah, na kuma tura da kaina. Yana shafin, na buɗe miki.

Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Taki har kullum,
Raudatu.