Kada a Rufe Ajin Yaranmu Saboda Ranar Kasuwa

Zuwa ga Shugabar Ƙungiyar Agaji mai ɗaukar nauyin ajin yara ƙanana na ƙauyenmu.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da ma'aikatanki, ina neman afuwa kan fitowa fili da wannan magana. Sau biyu ina kai takarda ofishinku na Zuru da hannuna, ban sami amsa ba, ga shi zangon karatu ya kusa ƙarewa.

Sunana Hauwa. Bana na kammala jami'a, ina gida ina jiran kiran bautar ƙasa. Ƙauyenmu yana bayan duwatsun Dabai. Tun dawowata nake taimaka wa Malama Saratu, malamar ajin ɗaya tilo, da kiran suna da rabon kunu. Cikin yaran akwai Murna, ɗiyar yayana, 'yar shekara biyar. Mahaifinta soja ne, yana bakin daga, riƙonta yana hannuna da na mahaifiyarmu.

Takarda ta iso mana cewa a ƙarshen wannan zango za ku janye alawus ɗin malama da hatsin kunun safe, ku mayar wani wuri, domin rahoton jami'inku ya nuna yara ba sa zuwa. Ban ce ya yi ƙarya ba. Abin da ya gani ya rubuta. Ina so ne in bayyana abin da bai gani ba.

Na ɗaya: ranar da yake zuwa. Jami'inku ya ziyarce mu sau uku, kuma duk ukun ranar da kasuwar yankinmu ke ci ne. Ba laifinsa ba ne. Ranar kasuwa kaɗai mota ke shigowa ƙauyenmu, ta kwashi mutane da kaya da safe, ta yi sawu biyu ko uku, shi kuma ya biyo ta. Motar da ta kawo shi ita ce ta riga ta fitar da ɗalibanmu. Ana tashin aji da azahar, mata kuwa ba sa dawowa daga kasuwa sai rana ta kusa faɗuwa. Maza suna gona. Tsofaffin da ke tsaron gida sauran ranaku su ma ranar suke fita da daddawarsu da kuka. Wace uwa ce za ta bar ɗan shekara huɗu ya dawo gida ba kowa, ga rijiya a buɗe, ga rafi a bayan gari? Sai ta riƙe hannunsa su tafi tare. Mahaifiyarmu ma haka take yi da Murna kafin in dawo.

Na biyu: littafin kiran suna. Akwai sunaye talatin da huɗu a ciki. A ziyara ta farko jami'inku ya tarar da yara bakwai, ta biyu tara, ta uku shida. Waɗannan lambobi daidai ne, ni na ƙirga tare da shi. Amma a ranakun da ba na kasuwa ba, tun da na fara riƙe littafin, ba mu taɓa yin ƙasa da ashirin da takwas ba, sai rana ɗaya da aka kwana ana ruwa, rafi ya cika. Na sake bin shafukan sau uku kafin in rubuta wannan, don kada in faɗi abin da ba haka ba.

Na uku kuma laifina ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. A ziyarar ƙarshe ina tsaye da littafin a hannuna lokacin da ya leƙa ajin ya girgiza kai. Na so in miƙa masa, sai direba ya fara danna oda, shi kuma yana duba agogo, nauyin baki ya kama ni. Malama Saratu ta ɗauka na nuna masa, ni kuma na ɗauka zai tambaya. Haka ya tafi. Tun da takardarku ta iso wannan shirun yake damuna.

Ranki ya daɗe, ina so ki san abin da ajin nan yake yi. Yaranmu da harshenmu na C'lela suke tashi a gida. A da, yaro kan shiga aji ɗaya na firamare bai iya Hausa sosai ba, balle Turanci, ya yi shekara yana kallon bakin malami, daga nan a ce ba shi da kai, a mayar da shi kiwon awaki. Ni ma da ƙyar na tsallake wannan. Malama Saratu tana fara musu da harshen gida, ta jawo su a hankali. Murna da ta shiga ajin ba ta buɗe baki. Yanzu in mahaifinta ya sami kiran waya, ba ta barin kowa ya yi magana sai ta ƙirga masa har ashirin, shi kuma ya yi kamar ya manta abin da ke bin sha tara don ta gyara masa.

Ba mu zauna muna jira ba. Da aka karanta wa mata takardarku, na masallaci da na coci suka taru a gindin ɗorawar da ke gaban ajin. Wata tsohuwa, Baba Tani, ta ce tunda ana gayyar noma, me zai hana a yi gayyar reno? Aka shirya karɓa-karɓa: kowace ranar kasuwa mata biyu za su zauna, su karɓi yaran daga hannun malama, su ciyar da su har iyaye su dawo, sauran kuma su ɗauki gyaɗarsu da dawarsu su sayar musu. Wanda ya san yadda mace ke riƙe da ranar kasuwarta zai san ba ƙaramin abu suka bayar ba. An yi kasuwa uku ke nan ana haka. Ranar farko yara ashirin da biyu suka zo, domin wasu iyayen ba su saki jiki ba. Ta uku, talatin.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A dakatar da janye tallafin har zango ɗaya. A duba littafin kiran suna, zan kawo shi duk ranar da aka ce. Sannan a sake turo jami'inku ranar da ba ta kasuwa ba. Kawuna ya yi alkawarin ɗauko shi a babur daga bakin kwalta, ya kuma mayar da shi. Kada a sanar da mu ranar sai da safiyarta, don kada a ce mun tara yara ne.

Muna sane da alherin da kuka yi mana. Kafin zuwanku babu wanda ya tuna da yara masu waɗannan shekaru a bayan duwatsun nan. Allah ya saka muku, ya ƙara buɗi, ya kare ki da iyalinki, ya sa ki gama lafiya.

In kuma babur ɗin bai yi wa jami'inku ba, ya biyo motar kasuwa kamar yadda ya saba. Wannan karon zai same su a aji, ni kuma zan miƙa masa littafin tun kafin ya zauna.

Wassalam.

Taki mai girmamawa,
Hauwa,
daga wani ƙauye a ƙasar Zuru.