Santimita Sittin a Mast ɗin Yaya

Asabar, 4 ga Mayu 2024
Daga Manchester na wuce Wales, Yaya Ashafa ya taso daga Birmingham. Ya ce tunda ni ce injiniyar gida, in auna mast ɗin jirgin ruwansa in cike form ɗin gasar club. Sandar da ke ɗaukar ƙyallen iska ce, sau uku na auna ta. Ta fi ta irin jirgin tsawo da santimita sittin, ashe mai shi na da ya canja. Doguwar sanda, ƙarin gudu, don haka a lissafin handicap sai a ƙara wa jirgi mintuna.
Na rubuta tsawon kamfani, ba wanda na auna ba. Ya sa hannu bai ko karanta ba.

Lahadi, 5 ga Mayu
Likitan zuciya ya ce masa bana ce ta ƙarshe a kan ruwa. Shekara shida yana shiga, bai taɓa wuce na biyar ba. Uzurina ke nan. Na san ba uzuri ba ne.

Asabar, 22 ga Yuni
Mun ci kofi. Da daƙiƙa arba'in muka doke wani dattijo, Alun, har ya zo ya rungume Yaya. Yaya kuwa baki har kunne: "Zinatu, kin ga yayanki? Proper sailor!" Na lissafa a mota. Da tsawon gaskiya na huɗu za mu zo.

Laraba, 3 ga Yuli
Kunya nake ji, wallahi. Anti Ramlat, matar Yaya, ta ce ya ɗora kofin kusa da TV, duk baƙon da ya shigo sai ya sha labari.

Lahadi, 14 ga Yuli
Gidan Yaya a Balsall Heath, ana cin tuwo. Zai sayar da jirgin, ya ce in rubuta advert. Dogon mast yana ƙara wa jirgi daraja wurin masu son gudu. In na faɗa, asirina ya tonu. In na yi shiru, na cuce shi karo na biyu. 

Talata, 16 ga Yuli
Na kira shi daga bus a Stockport Road, don kada in sami wurin yin kuka. Na faɗa masa duka. Sai ya ce:
"Sunana ne a takardar, Zinatu."
Na ce don shi na yi.
"Tausayina kika ji, ko? Kin ga ba zan iya da kaina ba."
Da ma zagina ya yi.

Asabar, 3 ga Agusta
Anti ta ce da kansa ya tuƙa har Wales ya miƙa wa Alun kofin. Ya gaya wa club shi ya yi kuskuren awo. Bai ambace ni ba.
Yau ya kira, karo na farko. Ya tambayi aiki, ya tambayi zafi. Jirgin kuma wani Bature ne zai sake aunawa kafin a sayar.
Na buɗe baki in ce ai zan iya zuwa in auna. Sai na ji kaina na ce, "Hakan ya fi, Yaya."