Mun Share Rafi Kafin Ku Zo Auna Leda

Zuwa ga shugaban ma'aikatan da suka zo auna leda a rafinmu na Fassi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ranka ya daɗe, ni manomi ne. Tun da aka dawo mulkin farar hula ake ce mana talaka ma yana da baki, to yau zan gwada nawa.

Na farko, da shanun huɗa biyu na shiga rani, yanzu saura ɗaya. Babban ya yi sati uku yana ramewa, ba ya cin harawa, dole na sa aka yanka. A gabana mahauci ya ciro dunƙulen leda daga tumbinsa, har da ta fiya-wata. Na yi hawaye, ba na ɓoyewa. A rafin nan yake shan ruwa, kuma a nan ɗan uwansa ke sha.

Na biyu, laifin da ya biyo baya namu ne. Da mai unguwa ya sanar cewa manyan baƙi za su zo duba rafi, sai muka yi abin da muka saba yi wa baƙo: muka kira gayya. Kwana biyu muna tsintar leda, ni ne ma kan gaba, ina yi wa masu lalaci tsiya. Ma'aikatanka suka iso, suka ja igiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, suka tsince abin da ke ciki, suka ɗora a sikeli. Ko kwando ɗaya bai cika ba. Muna tsaye muna murmushi, wai mun fita kunya!

Sai daga baya muka ji an rubuta cewa rafinmu ba shi da matsala. Ragar tare leda da ake kafawa a ƙarƙashin gada, ƙauyen gabanmu aka kai wa, su da ba su ɗaga tsinke ba. Mu kuwa kasuwa biyu kawai aka ci, leda ta dawo.

Ban zargi mutanenka ba, abin da suka gani suka rubuta. Hasali ma sun burge ni, ban taɓa ganin ma'aikaci ya naɗe wando ya shiga taɓo ba sai ranar. Shi ya sa nake da kyakkyawan zato.

Roƙona biyu ne. Ledar da muka tsince tana nan a buhuna bayan gidan mai unguwa, a zo a auna ta. Sannan a sake auna rafin kafin damina, don sa ɗaya ya rage mini, in ya tafi ba ni da huɗa. Amma don Allah kada a sanar da mu ranar zuwa. Na san mutanena, na san kaina: in muka ji, wallahi sai mun sake sharewa.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya sa ka gama aiki da mutunci.

Wassalam.

Haladu manomi, Fassi, Kibiya.