Kwalabe Sha Biyu Babu Rubutu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna?

Ni dai raina a ɓace yake. Kin sha tambayata me nake leƙe a madubin nan mai ƙara girman abu shekara uku. Cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wata 'yar jaka, endosom, kamar tashar mota take. Kaya su shigo, wasu furotin su tsaya suna tantancewa: wannan a mayar da shi bakin ƙofa, wancan a tura shi inda za a narkar. Na zuba irin ƙwayoyin nan a kwalabe sha biyu, na cire ɗaya daga masu tantancewar a kwalabe shida, na bar shida yadda suke. Wata takwas ina renonsu, kuma da su zan kammala digirina.

Jiya abokin aikina, wanda muke kira Sarkin Tsafta, ya ga wai kwalaben sun yi maiƙo. Ya feshe su da sipirit, ya goge tas har da rubutun da na yi a jikinsu, ya sake jera su! Yanzu ban san wacce ce wacce ba. Shekararsa biyar a ɗakin gwajin nan, bai san sipirit na cin tawada ba? Da na yi magana, wai taimakona ya yi. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Na ga wasiƙarki, Allah ya ƙara wa Inna sauƙi.

Kwana huɗu na yi duƙe kan madubi har wuyana ya sage. Waɗanda na cire wa furotin, jakunkunansu sun kumbura, kaya sun cunkushe babu mai rabawa. Na ware shida, aka yi gwaji, ban kuskure ko ɗaya ba.

Farfesanmu ya yi murna, ya ce babu hujjar da ta fi wannan, tunda na gane su babu rubutu, ba mai cewa son zuciya ya ja idona. Ina jiran yabo, sai ya miƙa wa Sarkin Tsafta hannu, wai dabararsa ce! Shi kuwa ko kunya, ya karɓe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sunansa zai shiga takardata, dab da nawa.

An kuma umarce ni, duk gwajin da zan yi nan gaba, in kai masa kwalabena da hannuna ya goge. Yau na kai na farko. Sai da ya ce in riƙe masa sipirit ɗin.

A gaida yara.

Taki,
Auta