Abin da Aka Yi da Sunan Sadiqa a Ɗakin Karatu

Daga: Malam Nuruddeen Dalhatu,
Malamin Islamiyya, Tarai,
Ƙaramar Hukumar Kibiya.

Zuwa ga: Alhaji Ishiyaku Manu,
Shugaban Kwamitin Kula da Ɗakin Karatu na Hasken Gari,
Rano.

Litinin, 3 ga Afrilu, 2017

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

GAME DA: CUTAR DA TA SAMI ƊALIBATA, SADIQA HAMMADU, A SASHEN KWAMFUTA NA ƊAKIN KARATUNKU

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka da sauran 'yan kwamiti, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, domin duk inda na bi da maganar sai in tarar da kaina a cikinta. Amma shiruna ba zai wanke yarinyar nan ba, shi ya sa na rubuta.

Sadiqa 'yar Malam Hammadu ce, makiyayi da ya zauna a gefen Tarai yana noma da kiwo. Ta gama sakandare bara, kuma ita ke taya ni koyar da ƙananan yara mata da yamma. Burinta ta karanci aikin ungozoma, saboda ta ga irin wahalar da matan rugarsu ke sha a hanyar asibiti. Cike takardar neman shiga makarantar kuwa sai ta intanet. Mahaifinta bai so ba da farko. Ni na yi ta zuwa wurinsa har ya amince, na kuma ba shi tabbacin cewa ɗakin karatu wuri ne na mutunci, ba irin shagunan da samari ke cika ba. Da bakina na ce masa amanarta tana wuyana.

1. Ranar Talata, 14 ga Maris, 2017, da hantsi, na kawo ta da ƙanwar mahaifinta. Ma'aikacinku, Malam Habu, ya karɓe mu hannu biyu, ya ɗauki hoton fasfonta ya sa a kwamfutar da ke kusa da taga, ya nuna mata inda za ta cike. Da aka nemi lambar waya, ta ba da ta mahaifinta, don ba ta da tata. Na ba ta shawara ta buɗe shafin sada zumunta, domin an ce akwai zauren da masu neman makarantar ke sanar da juna ranar jarrabawa. Da ta gama, ta danna alamar da ke kusurwa, shafin ya ɓace, muka tashi. Ba wanda ya gaya mana cewa ɓacewar shafi ba ita ce fita daga cikinsa ba. Babu sanarwa a bango, ko da Hausa ko da Turanci. Ni ma da na zauna kusa da ita ina yi mata kamar na sani, ban sani ba.

2. Hotonta da takardunta sun zauna a fuskar kwamfutar, duk wanda ya zauna bayanta yana iya gani. Daga baya, da na koma, na ga hotunan wasu mutane da dama a wurin, har da katin shaidar wani dattijo. Ba a goge komai bayan mutum ya tashi.

3. Wani wanda har yau ba a san shi ba ya zauna a kujerar, ya tarar da shafinta a buɗe. Ya ɗora hotonta, ya rubuta da sunanta maganganun da tarbiyya ba za ta bar ni in maimaita a wannan takarda ba, ya liƙa lambar wayar a ƙasa. Daga ranar Juma'a, 17 ga Maris, maza suka fara kiran Malam Hammadu. Yana bakin rijiya yana shayar da shanu, wani zai kira ya nemi 'yarsa da sunanta, da muryar da ba a kiran 'yar mutane da ita. Da farko ya ɗauka kuskuren lamba ne. Sai da wani ɗan acaɓa ya nuna masa abin a waya, a gaban mutane, a bakin kasuwa.

Ranka ya daɗe, Malam Hammadu ya zo gidana bayan la'asar. Bai ɗaga murya ba, bai zarge ni ba. Ya gaishe ni kamar kullum, ya zauna, ya ajiye wayar a kan tabarma tsakaninmu. Kafin mu gama gaisawa ta yi ƙara. Ya dube ni, ya bar ta tana yi har ta katse. Da ya zage ni, da na fi samun sauƙi.

4. Ranar Litinin, 20 ga Maris, na koma ɗakin karatu. Hankalin Malam Habu ya tashi matuƙa, ya taimaka muka canza lambar sirri, muka goge rubutun, muka rufe shafin. Amma da na tambayi wanda ya zauna bayanmu, ya ce babu yadda za a gane, domin kowa shigowa yake yi ya zauna. Shi kaɗai ne a ɗakin, ga littattafai, ga kwamfutoci, ga janareta da yake fita tayarwa. Ina roƙo kada a ɗora masa laifin. Bai sami wanda ya koya masa fiye da abin da yake yi ba.

5. An goge rubutun daga kwamfuta, amma ya riga ya shiga bakin mutane. Wasu iyaye sun hana 'ya'yansu zuwa ajin da Sadiqa ke koyarwa. Ita da kanta ta daina zuwa. Mahaifiyarta ta daina kai nono kasuwa. Mahaifinta bai buge ta ba, ya kuma ce ya san 'yarsa, amma ya jefar da layin wayar, ya ce maganar makaranta ta ƙare. Ta wannan layin ne za a aiko da saƙon jarrabawa. Na hau mumbari na yi bayani, sai dai mutane suna ganin malami ne ke kare ɗalibarsa, kuma ke kare kansa. Ba zan ce ba su da hujja ba.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon kwamiti ya yi waɗannan:

Na farko, ya rubuta takarda da hatiminsa cewa an yi wannan rubutu ne daga kwamfutar ɗakin karatu bayan Sadiqa ta tafi, kuma wani dattijo daga cikinku ya kawo ta Tarai da kansa, a karanta a gaban mai unguwa da liman da mahaifinta. Maganarku za ta isa inda tawa ta kasa.

Na biyu, a liƙa sanarwa da Hausar boko da ajami a gaban kowace kwamfuta, mai nuna yadda ake fita daga shafi, a kuma riƙa nuna wa kowane sabon zuwa da hannu kafin ya taɓa komai. A riƙa goge hotuna da takardun mutum da zarar ya tashi, a san wanda ya zauna a kowace kujera, a ƙara wa Malam Habu mataimaki, a kuma ware wa mata lokacinsu.

Na uku, kada a rufe sashen, kada kuma a hana mata shiga. Na ji ana raɗe-raɗin hakan, kuma ina tsoron takardata ta zama dalili. Yaran Kibiya da Rurum da ƙauyukanmu ba su da wani wurin. Idan aka rufe saboda ni, na cuci yarinya ɗaya na ƙara da sauran.

Kafin in aiko, na kai wa Malam Hammadu takardar na karanta masa a zaure, Sadiqa tana ji daga ciki. Na ce zan cire sunanta in sa "wata ɗaliba". Ta aiko ƙanwar mahaifinta ta gaya mini in bar shi yadda yake: sunan ya riga ya zaga gari a kan ƙarya, tana so ya shiga takarda ko sau ɗaya a kan gaskiya. Mahaifinta ma ya ce a bar shi.

Ina jiran amsarku. Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya, ya yi muku jagora, ya yafe mana abin da muka jawo wa bayinsa da rashin sani.

Naku cikin biyayya da girmamawa,

Nuruddeen Dalhatu
Tarai